Shekarar da Na Kai Surukina Kotu

Ku 'ya'yana, da ku jikokina da za ku karanta wannan bayan ba ni, na san labarin da kuka fi ji a kaina a garin Funtua ba na shekarun da na yi ina aikin malamin gona ba ne. Abin da aka fi faɗa shi ne wai Malam Isuhu ya kai mijin 'yarsa kotu saboda kuɗin bidiyo. Wasunku kuna ƙanana a lokacin, wasunku kuna makaranta a nesa, wasu kuma kun ji ne daga bakin waɗanda ba su san farkon zancen ba. Ban taɓa zaunar da ku na yi muku bayani ba, domin mahaifiyarku tana raye, kuma duk lokacin da aka ɗauko maganar sai ranta ya sosu. Yanzu da Allah ya yi mata rasuwa, ni ma ƙafafuna sun fara ƙin zuwa gona, na ga ya kamata ku ji daga bakina yadda abin ya faru.

Bayan na yi ritaya zaman gida ya gagare ni, mutane kuma ba su daina sallama a ƙofata ba. Wannan tsutsa ta shiga masararsa, wancan ganyen waken suyarsa ya koma rawaya, wani kuma audugarsa ce take zubar da fure. Na lura kusan tambayoyi iri ɗaya ake kawo mini kowace damina, sai na zauna na rubuta ɗan littafi da Hausa a kan noman masara da waken suya da auduga, da yadda ake auna maganin feshi. Littafin bai yi nisa ba, domin yawancin manomanmu sun fi gane abin da suka ji da kunne suka gani da ido. Wanda ya kawo shawarar a mayar da shi bidiyo shi ne Kabiru, mijin yayarku Uwani, kuma dole in faɗi wannan don kada a tauye masa haƙƙi. Yana da shagon waya kusa da tasha, daga baya ya ƙara da sayar da magungunan gona. Damina guda muka yi muna zuwa gonata ta hanyar Bakori, tun daga sharar gona har girbi, ina bayani yana ɗauka. Na biya shi ladan aikinsa, aka kuma yi magana a gaban shaidu cewa aikin nawa ne. A waccan daminar na so yaron nan kamar ni na haife shi. Idan rana ta yi zafi shi yake cewa in koma inuwa, ya kawo mini ruwa, ya ce a dakata sai la'asar.

Muka zuba darussan a memori, aka ajiye a shagunan sayar da taki da iri. Ba a yi nisa ba sai na fara jin muryata a wurin masu shayi, a cikin motar haya, a bakin kasuwar hatsi. An kwafe, ana tura wa juna a waya, wasu sun ɗora a intanet. Mahaifiyarku ce ta fara yi mini magana.

"Malam, ka yi ta wahala a rana, ga shi wasu ne suke cin moriyar," in ji ta.

"Ki bar su, Hajiya. Ai don a gani na yi."

Haka na ɗauki abin a lokacin. Ban ji daɗin yadda ake kwasar aikina ba tare da ko sallama ba, amma na ga tunda ilimin yana isa ga manomi, to an cimma wani abu. Ban san cewa abin da ake ɗauka ba izini, ana iya yi masa duk abin da aka ga dama ba.

Wata safiya a damina ta gaba, shuka ta fara rufe ƙasa, aka yi sallama da ni. Na fito na tarar da wani dattijo tsaye, ya jingine babur, yana riƙe da buhu. Sunansa Ranau, Bamaguje ne daga wani ƙauye bayan Kafur. Na san shi tun ina aiki, manomi ne na gaske, irin waɗanda idan ka shiga gonarsu ba ka da abin gyarawa sai dai ka koya. Na shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama. Ya zazzage buhun a gabana. Waken suya ne ƙanana, sun bushe ƙayau kamar an bi su da wuta.

"Malam, ka san wannan?" ya ce.

"Maganin ciyawar masara aka fesa masa. Wa ya ba ka wannan shawara, Ranau?"

"Kai."

Ya ciro waya daga aljihu ya miƙo mini. Ga ni nan a gonata, da hular da nake sawa, ina riƙe da injin feshi ina bayanin yadda ake auna maganin ciyawa. Na san wurin sarai. Bayan wannan bayani akwai inda na tsaya na maimaita cewa wannan magani na masara ne kaɗai, kada wanda ya kusanci gonar wake ko waken suya da shi. An yanke wannan wurin. A madadinsa sai ga hoton wata kwalba, da wata murya tana cewa wannan shi ne maganin da Malam Isuhu yake amfani da shi, kuma yana yi wa kowace irin gona. Ban buƙaci a sake kunna mini ba. Muryar Kabiru ce.

"Ni ban iya karatu ba," in ji Ranau. "Fuskarka na gani. Da fuskar wani ce, da sai na tambaya."

Na shiga gida na canza riga, na hau bayan babur ɗinsa muka tafi. Gonar tana da girma, ita ce abin da gidansa duka ya dogara da shi a shekarar, kuma tun daga wannan kunya zuwa waccan babu abin da ya tsira. Matansa suna tsaye a gefe, gaisuwa kawai ta haɗa mu. Kafin in bar ƙauyen wasu mutum biyu suka zo suka ce su ma haka ta same su, sai dai nasu bai kai na Ranau ba. A hanyar dawowa na yi ta tunanin ƙauyukan da ban sani ba, inda wannan bidiyo yake cikin aljihun mutane, da fuskata a kai.

Kun san tsakanin mutum da surukinsa akwai kunya, ba a tarar juna da magana kai tsaye. Sai na tafi Malumfashi wurin baffansa, Alhaji Lawal mai hatsi, wanda shi ya karɓa masa auren Uwani. Na nuna masa bidiyon, na gaya masa abin da na gani a Kafur. Ya yi salati, ya ce zai kira shi. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci suka zo gidana tare, muka zauna a zaure. Kabiru ya durƙusa nesa, kansa a ƙasa. Bai musa ba. Ya ce ya sayo maganin da yawa kasuwa ta ƙi, ya ga idan ya haɗa da sunana zai tafi. Ya ce shi bai san yana ƙone wake ba, wanda ya sayar masa ne ya ce yana yi wa kowace gona. Ya kuma amsa cewa shi ya fara ɗora darussan a intanet tun bara, a shafin da ya buɗe da sunana.

"Baba, kowa haka yake yi," ya ce. "Abin da ya shiga waya ba shi da mai shi. Kuma ilimi ai na Allah ne."

"Ilimi na Allah ne," na ce masa. "Amma bakin da ya faɗe shi nawa ne, kuma ni za a tambaya. Ka sauke abin nan, ka fito ka gaya wa mutane cewa ba ni na ce ba, ka je ka ga Ranau. Iyakar abin da nake nema ke nan."

Alhaji Lawal ya ce an gama, yaro ya yi kuskure, za a gyara. Kabiru ya ce in Allah ya yarda. Aka yi addu'a aka tashi. Ya sauke bidiyon daga shafin, na gode wa Allah. Amma bai je Kafur ba, bai kuma fito ya ce komai ba, domin yana ganin idan ya fito ya faɗa, shagonsa ya mutu. Kafin damina ta raba sai wani tsohon abokin aikina daga Matazu ya kira ni, ya ce ya ga bidiyon a wani sabon shafi, an canza suna, an kuma ƙara tallar wani maganin ƙwari. Na sake komawa wurin Alhaji Lawal. Wannan karon ya karɓe ni a tsaye.

"Malam Isuhu, ka yi haƙuri mana. Gidan 'yarka ne yake ci daga shagon nan."

"Gidan Ranau fa, Alhaji, daga ina zai ci?"

Ya juya ya ci gaba da awon masararsa.

Ban san komai ba game da dokar haƙƙin mallaka a lokacin. Ina jin ana zancen satar fasaha a rediyo, na ɗauka magana ce ta mawaƙa da masu shirya fim. Abokin nawa na Matazu ne ya ce in je in ga jami'an hukumar da ke kula da wannan fanni. Na shiga mota na tafi, ban gaya wa kowa a gida inda za ni ba. Wata jami'a ce ta saurare ni, mace mai natsuwa, ta kalli bidiyon asali ta kalli wanda aka yanke. Ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce duk wanda ya ƙirƙiri abu ya rubuta shi ko ya naɗe shi, doka ta ba shi ikon cewa wa zai kwafa, wa zai sayar, wa zai ɗora a intanet, ko malamin gona ne ko mawaƙi. Ta ce yanke aikin mutum a canza masa ma'ana ta yadda zai zubar masa da mutunci wani laifi ne daban. Ta ce akwai hanyar da ake sanar da masu shafukan su sauke abin da aka sata, kuma za su taimaka mini da wannan ko ban shigar da ƙara ba. Sannan ta ajiye alƙalaminta ta dube ni.

"Baba, ka ce surukinka ne. Ka yi shawara da iyalinka tukuna. Idan muka shiga, ba a ɓoye muke aiki ba."

"Idan aka sauke wannan, zai iya ɗora wani?"

"Zai iya. Kuma ko shi ya daina, akwai masu tura wa mutane abubuwa a waya a kowace kasuwa, yana cikin kwamfutocinsu. Su ba kamu ne zai gyara su ba, yawancinsu ba su ma san laifi ba ne. Sai an je an yi musu bayani, mu kuma ba mu da yawan da za mu shiga kowace kasuwa."

Na dawo gida na zaunar da mahaifiyarku bayan la'asar, tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na gaya mata duk inda na je da abin da nake shirin yi.

"Malam, Uwani tana da ciki," ta ce. "Ka san haka?"

"Na sani."

"Sunan mahaifiyarka ne da ita. Kai ka zaɓa mata mijin nan, ba ita ta kawo shi ba. Yau kuma kai za ka tura masa hukuma?"

"Na bi ta baffansa har sau biyu, Hajiya. Ga lokacin feshin wake ya zo. Wannan karon maganin ƙwari ne, abin da ake fesa wa abincin da mutane za su ci. Idan wani ya sha guba da sunana, me zan ce wa Allah?"

"Ni kuma me zan ce wa 'yata?"

Ba ta ce kada in yi ba, ba ta kuma ce in yi ba. Ta ɗauki farantinta ta shiga ɗaki. Washegari Uwani ta zo da kanta, mahaifiyarku ce ta kira ta. Ta durƙusa a gabana tana kuka, ta ce in ba ta lokaci ita za ta shawo kansa. Na tambaye ta ko ta yi masa magana a baya. Ta ce ta yi. Na ce me ya ce. Ta ci gaba da kuka. Na ce mata ina ba shi har Juma'a mai zuwa, ya sauke ya kuma fito ya yi magana, idan ya yi haka babu inda za ni. Juma'ar ta zo ta wuce. Ranar Litinin na koma na shigar da koke. Ina so ku sani a motar dawowa ban iya cin komai ba, kuma da muka iso Funtua na daɗe zaune a tasha kafin in iya nufar gida.

Jami'an suka zo da rana tsaka, kasuwa cike. Suka shiga shagon Kabiru suka ɗauki kwamfutarsa da memorin da ya zuba darussan a ciki, suka tafi da shi ya ba da bayani, aka ba da belinsa a ranar. Kafin magariba labari ya gama gari, kuma ya canza kama. Aka ce na sa an ɗaure shi da ankwa, aka ce kuɗi nake nema, aka ce tsufa ya fara taɓa ni. A masallacin unguwarmu akwai waɗanda muka yi shekaru muna sahu ɗaya, suka koma ba ni hannu da yatsu kawai. Uwani ta daina zuwa gida. Da ta haihu, a bakin maƙwabta na ji. Mahaifiyarku ta je suna ita kaɗai, ta dawo, sai da na tambaya sannan ta ce namiji ne. Ta ci gaba da dafa mini abinci, tana wanke mini kaya, amma hirar da muka saba yi bayan sallar isha'i ta ɗauke. Wannan shi ya fi yi mini ciwo a cikin abin duka.

Da zan zauna in jira kotu kawai, ina jin da baƙin ciki ya kwantar da ni. Sai na tuna maganar jami'ar nan game da masu turi. Na fara da kasuwarmu ta Funtua, sannan Malumfashi, Kafur, har Matazu na je. Ranar kasuwa nake tafiya, in nemi rumfunan da ake cajin waya da tura fina-finai, in tambayi shugabansu. Da farko gudu na suke yi, suna cewa ga tsohon da yake kawo hukuma. A Malumfashi shugabansu wani magidanci ne mai suna Sabi'u, ya tara mini su a bayan rumfarsa, shi da kansa ya fara yi mini tambaya, fuskarsa a ɗaure.

"Malam, mu da wannan sana'a muke ciyar da iyalinmu. Ka zo ka hana mu ne?"

"Ban zo hana ku ba. Mahaifinka yana noma?"

"Yana yi."

Na kwance buhun Ranau, wanda na roƙe shi ya bar mini, na zuba busasshen waken a gabansu. Na kunna musu bidiyon asali, na kunna wanda aka yanke. Na ce su duba kwamfutocinsu su ga wanne suke tura wa mutane. Suka duba. Kusan dukkansu wanda aka yanke ne da su. Wani daga cikinsu ya ce shi da hannunsa ya tura wa ƙanin mahaifinsa. Daga nan na yi musu bayanin dokar kamar yadda aka yi mini, ban ƙara ba ban rage ba: cewa abin da ke cikin waya yana da mai shi, cewa sayar da aikin wani ba izini laifi ne ko da kowa yana yi, cewa wanda ya karɓa daga hannun ɓarawo bai san abin da aka cire ko aka ƙara ba.

"To yanzu ya kake so a yi?" in ji Sabi'u.

"Ku goge wancan. Ku karɓi na gaskiya daga hannuna, da izinina, ku tura wa manoma ku sami abinku. Sharaɗina kada a yanke, kada a ƙara, kada a ɗora tallar kowa. Wanda ya ga an taɓa, ya gaya mini."

"Mawaƙa da masu fim fa? Su ma haka za mu je mu same su?"

"Su ma masu haƙƙi ne. Ku neme su ku yi magana. Ni nawa na sani, shi na zo da shi."

Ba zan ce muku duk sun gyaru ba. Wasu sun goge a gabana, ina juya baya suka ci gaba. A wata kasuwa ma ba a tsaya an saurare ni ba, aka bar ni tsaye da buhuna. Na koma kasuwar mako na gaba, da wanda ya biyo baya, har suka gaji suka ba ni benci. Sabi'u kuwa ya riƙe maganar, har shi ya riƙa raka ni wasu wuraren, domin sun fi jin maganar ɗan'uwansu. Na je gidan rediyo na yi bayani, na roƙi limamai a ƙauyuka su sanar bayan sallah cewa maganin ciyawar masara ba a kai shi gonar wake, kuma duk bidiyon da aka ga tallar kwalba a ciki ba nawa ba ne. A ƙauyen su Ranau, inda ba masallaci ake taruwa ba, a gindin wata tsamiya ya tara mini mutanensa. Hukuma kuma ta yi nata, aka sauke shafukan ɗaya bayan ɗaya, duk da wani lokaci ana sauke wannan wani yana fitowa.

Shari'ar ta ja har rani. Ranau ya zo kotu ya ba da shaida, da babbar rigarsa ta zuwa biki. Da lauyan Kabiru ya tambaye shi me ya sa bai karanta rubutun jikin kwalba ba, sai ya ce shi bai sayi kwalba don rubutunta ba, ya saye ta ne don Malam Isuhu. Bayan wannan zama lauyoyin suka nemi a yi sulhu. Aka tambaye ni abin da nake so. Na ce abin da na nema tun a zaurena: ya daina, ya fito ya faɗi gaskiya, ya biya mutanen da suka yi asara. Ban nemi a ɗaure shi ba, ban kuma karɓi komai don kaina ba, wannan yana rubuce a kotu, duk mai shakka ya je ya duba. Alƙali ya tabbatar da sulhun ya zama hukunci. Kabiru ya tsaya a gaban kyamara ya ce shi ya yanke bidiyon, Malam Isuhu bai taɓa tallata maganin kowa ba. Masu turin da na yi ta bi kasuwa-kasuwa su suka yaɗa wannan, kuma ya isa inda ƙafata ba ta isa ba.

Shagon bai tashi ba bayan haka. Kabiru ya sayar da shi ya biya Ranau da sauran, ya kwashe iyalinsa suka koma Zariya. Mahaifiyarku takan je ta yi kwanaki ta dawo, ni ba a gayyace ni ba, ban kuma kai kaina ba. Ta sake sakin jiki da ni a hankali, amma har ta koma ga Allah ba ta taɓa ce mini na yi daidai ba. Abin da ta ce kawai, wata rana tana jinya, shi ne ta san ba don kaina na yi ba. Na riƙe wannan.

Uwani ta zo jinyar, ta zauna har aka yi bakwai. Muna gaisawa, tana kawo mini abinci, ba ma wuce haka. Sai bara da kaka, ina zaune a zaure ana sauke mini buhunan masara, na ga mota ta tsaya. Ta fito da 'ya'yanta, har da yaron da aka haifa a waccan shekara, ya yi wayo yana gudu. Ta turo shi gabana ta ce ya gaida kakansa. Da yaran suka shiga ciki ta zauna a bakin tabarmata, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Baba, na sha wahala a waccan shekarar," ta ce.

"Na sani, Uwani. Ni na jawo miki wani ɓangare, kuma ina sane na yi."

"Da za a sake, za ka sake?"

"Zan sake."

Ta gyaɗa kai, ta share ido da bakin mayafinta. Ta ce ta san haka zan ce. Sannan ta ce Kabiru ne ya kawo su, yana cikin mota, ya ce ba zai iya shigowa ba. Na ɗauki sandata na fita. Yana ganina ya buɗe ƙofa ya sauko, ya durƙusa a gefen motar. Furfura ta fara fito masa. Na tambaye shi aiki, ya ce yana gyaran waya, an gode Allah. Na tambaye shi ya Alhaji Lawal, ya ce lafiya. Na ce ya shigo ya sha ruwa. Ya ce sai wani lokaci, Baba. Ban matsa masa ba.

Har yau da nake wannan rubutu bai tako zaurena ba. Ina so ku ji wasiyyata a kan abu biyu. Darussan nan da littafin, doka ta ce bayan raina haƙƙinsu naku ne. Duk wanda ya zo neman izini ku ba shi, kada ku tsananta, manoma nake so su amfana. Amma wanda ya yanke ko kalma ɗaya ya sa wa mutane abin da ban faɗa ba, ku bi shi har inda doka ta tsaya, ko ɗan wane ne. Kabiru kuma ya biya abin da ke kansa, babu mai sauran magana da shi. Ranar da ya yi sallama a ƙofar gidan nan, ko ina raye ko ba na raye, babbanku ya fita da kansa ya shigo da shi.